Masu kwana a jirgin ruwa, ku zo mu yi maganar ruwan da kuke sha da wanda kuke shiga

Assalamu alaikum jama'a. Yau magana ta da mutanen ruwa ce, masunta da matuƙa da 'yan kasuwan da ke bin kogin Kwara, tun daga Lolo da Gaya har Yawuri, Zamare, Rofiya, Warra, Malale, da Sarkawan da ke ɗaukar iyali gaba ɗaya su tafi su yi wata da watanni, wasu har Binuwai wasu Lagdo ta Kamaru wasu Tafkin Chadi. Ni ma'aikacin lafiya ne a bakin ruwa, kuma abin da ke damuna shine in ana maganar jirgin ruwa a rediyo to kifewa akayi, an ƙirga gawa an yi ta'aziyya shikenan. Amma cutukan da ke cin mutanen nan kullum a hankali babu mai ɗaga murya akai.

Wanda bai taɓa kwana a jirgi ba bazai gane ba. Gida ne sukutum. Rumfar tabarma ko tamfol a tsakiya, can baya inji da jarkokin fetur, gaba taru da koma da mamari a naɗe, ga buhun gari ga kwandon kifi banda, ga kurfoti an ɗora shi kan faifan ƙarfe. Asuba nayi yaro zai fara kwalfe ruwan da ya taru a cikin jirgi da yankakkiyar jarka, maigida ya miƙa hannu ya yi alwala a kogi, uwargida ta sunkuya ta gefen dama ta cika tukunyar koko, to a daidai lokacin nan ƙaramin yaro yana tsugune ta gefen hagu yana biyan buƙata, kuma ba jirgi ɗaya bane a mashigin, jirage ne jere kowa haka yakeyi. Ban faɗa don in kunyata kowa ba wallahi, ina zasu je? Babu masai a tsakiyar kogi. Amma nan ne ciwon yake farawa.

Nasan amsar da ake bani, wai ruwa mai gudu baya ɗaukar dauɗa. Iyayena, ta fannin tsarki malamai sun fi ni sani, amma ta fannin ƙwayar cuta ruwa mai gudu shi ke kawo maka kashin ƙauyen da ke sama da kai har bakin jirginka. Kwalara da taifot da atini duk ta nan suke bi. Kuma alif da ake jefawa ko 'ya'yan zogale da ake dakawa, laka kawai suke kwantarwa, ruwan yayi garau a ido amma ƙwayar na nan da ranta. Ayi alif ɗin, yana da kyau, amma bayan ya kwanta a tsiyaye a tafasa har ya yi ɓararraka sosai na minti 1, in gawayi yayi tsada a sa sinadarin kulorin, WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs, a bi awon da ke rubuce a jikinsa, a rufe a jira minti 30 kafin a sha. Jarkar ruwan sha a ware ta daban mai ƙaramin baki da murfi, a riƙa tsiyayawa ba a tsoma moɗa ba, kuma dan Allah jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko baƙin mai ko maganin feshi bata komawa ta ruwan sha ko an wanke ta da omo sau nawa.

In zawo ya kama mutum kuna tsakiyar ruwa, musamman irin wanda yake zuba fari kamar ruwan wankin shinkafa ga amai, kar a ce bari a kai gobe. Kwalara na iya kashe ƙato cikin awoyi saboda ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. A fara bashi ruwan gishiri da sukari nan take kuma a juya kan jirgi zuwa garin da ke da asibiti. Fakitin ORS ɗaya a lita 1 na tsaftataccen ruwa. In babu fakiti, lita 1 da ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, kar a ƙara gishiri wai don yayi ƙarfi, yana illa. Kurɓi kurɓi, in yayi amai a jira minti 10 a ci gaba. Wanda aka haɗa in ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zinc kullum har kwana 10 zuwa 14 ko zawon ya tsaya, mai shayarwa kuma kar ta janye nono. Fakitin nan baida nauyi baida tsada, bai kamata jirgi ya tashi babu guda goma a leda ɗaure a rufin rumfa ba.

Toh yanzu ga wadda tafi ci min rai, tsargiya. Uba zai kawo min yaro ɗan shekara goma saboda zazzaɓi, in buɗe fatar idonsa in ga fari fat ba jini, in tambaya yana fitsarin jini? sai uban yayi murmushi yace ai wannan duk yaran ruwa sunayi, mu ma munyi, alamar girma ne. In miƙa wa yaron kwalba ya zagaya ya dawo da ita, fitsarin ja-ja, ɗigon ƙarshe ma jini ne tsantsa, kuma yace min yafi shekara yana haka. Baba ba girma bane, tsutsa ce a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai, ƙwan ne ke yaga bangon mafitsara suna fita da jini. Wani likita Bajamushe Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira tun 1851, kuma yau Najeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu ɗauke da ita.

Yadda take zagayawa kuwa, mai ciwon yayi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin ƙananan dodon koɗi ɗin nan da ke manne a ciyawa da kainuwa, bayan 'yan makonni su fito dubbai ido baya ganinsu, ka shiga ruwa su huda fata su shige. Ba sai ka sha ba, tsayuwa kawai ta isa. Kuma dodon koɗin yafi son ruwa mai kwanciya mai ciyawa a gefen gaɓa, wato daidai inda ake ɗaure jirgi, inda mata ke wanki da gyaran kifi, inda yara ke tsalle. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwan nan ya zama tafki, irin wannan gaɓar ta yawaita. Tsutsotsin sun fi fitowa da tsakar rana, lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa.

Bazan ce wa masunci kar ya taɓa ruwa ba, wannan maganar wanda bai san sana'ar bane. Abin da zai yiwu nake faɗa. Wankan yara a maida shi sassafe, kuma in da hali a ɗebi ruwan wanka a baho ko duro a ajiye kwana 2, waɗannan tsutsotsin basa wuce haka in basu samu jiki ba. Mai tsayuwa a gaɓa wajen jan taru ko wanki ya samu dogon takalmin roba. Fitsari da bahaya a tanadi bokiti mai murfi da fo na yara, in an tsaya a tudu a tona rami nesa da ruwa, aƙalla mita 30, a binne. Nasan da ƙyanƙyami ajiye bokitin a jirgi, amma ƙyanƙyamin shan sa a koko ya fi.

Maganinta kuma akwai, sunansa praziquantel, sha ɗaya ne, ana auna shi da nauyi ko da sandar tsawo, kuma a makarantu kyauta ake rabawa. Matsalar itace yaran jirgi basa aji ranar rabo, su da suka fi kowa buƙata su ake tsallakewa. Saboda haka ku zo ku nema da bakinku. A ci abinci a ƙoshi kafin a sha, yana iya sa jiri da murɗar ciki na ɗan lokaci, matuƙi kar ya sha ya kama inji a take. Kuma shan bana baya hana kamuwar baɗi, mai rayuwa a ruwa sai ya riƙa maimaitawa. In aka bar ta shekara da shekaru tana cinye jinin yaro ya tsumbure, tana lalata ƙoda, tana iya kai wa ga kansar mafitsara.

Iyayena mata ku matso, wannan taku ce. Tsargiya na shiga mahaifa da al'aura. Ƙaiƙayi, zubar ruwa, jini bayan kwanciyar aure, zafi, wani lokaci ɓari ko rashin haihuwa. Mace tayi ta shan maganin sanyi kala kala a kasuwa, wata ma miji ya fara zarginta ko dangi su fara maganar a ƙaro mata kishiya, alhali tsutsar ruwan wanki ce. In kinje asibiti ki faɗa wa ma'aikaciya cewa a ruwa kike zaune, wannan kalmar kaɗai zata sa a duba ta wannan fannin. Mai ciki ta faɗi watanninta kafin a bata magani.

Rana kuma, daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, a kan ruwa ta sama take dukanka ta ƙasa ma hasken na dawowa fuska. Malafa ba ƙauyanci bane, a sa. Fitsari in yayi kaɗan yayi duhu jiki na neman ruwa. Wanda ya fara ciwon kai da jiri ko surutai, a shigar dashi inuwa a jiƙa masa kaya a yi ta fifita, in yana iya haɗiya a bashi ruwa. Samari masu shan tiramol don su jure jan taru, ƙwayar nan tana sa farfaɗiya, kuma farfaɗiya a bakin jirgi kunsan ƙarshenta.

Dare na sauro ne. Gidan sauro mai magani yana ɗauruwa a rumfar jirgi tsaf, a cusa gefensa ƙarƙashin tabarma, ba'a yanka shi a kama 'ya'yan kifi dashi. Zazzaɓi in ya zo a gwada jini tukuna. Abin da nake roƙo da babbar murya shine janareta da kurfoti, kar a kunna su a sauke tamfol a rufe ko'ina saboda sanyin hunturu ko ruwan sama. Iskar gubar da ke fita daga gawayi da inji bata da wari bata da launi, mutum zaiji barci ne kawai da ciwon kai, sai a wayi gari iyali guda basu tashi ba. Wuta a gaba fetur a baya, kuma ba'a ɗura mai ana shan sigari. Ƙugiya ko ƙayar tarwaɗa in ta soki mutum a wanke da sabulu da ruwa mai tsafta, kar a cusa toka ko baƙin mai, a nemi allurar tetanus.

Sai rigar ruwa. Na sha ganinta an mayar da ita matashin kai, ko a ɗaure ta cikin buhu don kar tayi datti. In nayi magana ace ai mu a ruwa aka haife mu. Gaskiya ne, amma sabo da kaza baya hana yanka ta, kuma gwanin iyo ma in katako ya buge shi a ka, ko mutum uku suka riƙe shi cikin duhu, iyon baya amfani. A watan Mayun 2021 jirgin da ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski yana ɗauke da mutum sama da 150, kaɗan aka ceto da rai. A Oktoban 2024 wani ya nutse a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa, da dare ne, mafi yawa mata da yara 'yan Mauludi. Lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, ga kututturan itatuwan da tafkin Kainji ya shanye suna nan a ƙasa suna jira. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare daga 6 na yamma zuwa 6 na safe, kuma ranka ya daɗe Sarkin Ruwa, maganarka a mashigi tafi ta kowace hukuma tasiri, in kace jirgi ya cika to ya cika. Rigar a jiki ake sata a ɗaure igiyoyin, ta yara daban take, in ka sa wa yaro ta manya zamewa zaiyi ta ƙasa.

Ranar kasuwa da kuke fitowa tudu saida kifi, ita ce ranar asibitinku. Katin rigakafin yara da katin awon ciki a sa su a leda biyu a ɗaure su zauna cikin jirgi, kowane asibitin gwamnati kuka tarar a hanya zai ci gaba daga inda aka tsaya, ba sai wanda kuka fara ba. Da damina ana raba maganin kariyar maleriya wata wata ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, gida gida ake bi, ku kuma gidanku na kan ruwa, don haka ku tambaya a garin da kuka sauka. Mai ciki da ta shiga wata tara a sauke ta wajen dangi kusa da asibiti tun kafin naƙuda ta fara. Shugabannin masunta kuma ku haɗa mana sunayen zangon da jirage ke taruwa da watan da suke zuwa, ku kawo wa mai kula da asibitin yankinku, da wannan ne ake tsara fita da allura da maganin tsargiya har bakin ruwa.