Csaba Kőrösi

Csaba Kőrösi jami'in diflomasiyya ne ɗan ƙasar Hangari, wanda ya shugabanci zama na 77 na Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya daga Satumban 2022 zuwa Satumban 2023. An haife shi a 1958 a Szeged, birnin da ke bakin kogin Tisza a kudancin ƙasar. Ana furta sunansa kamar "Caba Koroshi", kuma a gida sunan dangi ake fara kira, sai a ce Kőrösi Csaba. An fi saninsa da abu biyu: jagorantar tattaunawar da ta haifi Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa, da kuma nacinsa a kan maganar ruwa.

Ya yi karatu a Cibiyar Nazarin Hulɗar Ƙasa da Ƙasa ta Mosko, inda ƙasashen gabashin Turai kan tura matasansu a wancan zamani, daga baya ya ƙaro ilimi a Jami'ar Leeds ta Ingila da Jami'ar Ibraniyawa ta Ƙudus da kuma Harvard a Amurka. Ya shiga ma'aikatar harkokin wajen Hangari a 1983, ƙasar tana ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, kuma sauyin gwamnati na 1989 bai raba shi da aikin ba. Yankin Gabas ta Tsakiya da gaɓar Bahar Rum ne fagensa na farko: ya yi aiki a Libiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Isra'ila da Girka. Baya ga harshensa na uwa yana jin Larabci da Turanci da Faransanci da Rashanci. A Budapest ya riƙe muƙamin mataimakin sakataren gwamnati mai kula da manufofin tsaro da hulɗa da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, kafin a tura shi New York a 2010 a matsayin wakilin dindindin na ƙasarsa.

A can ne ya yi aikin da ya fi kowanne nauyi a rayuwarsa. Taron Rio de Janeiro na Yunin 2012 ya yanke shawarar a tsara sababbin muradu da za su gaji Muradun Ƙarni guda 8, waɗanda wa'adinsu zai cika a 2015. Aka kafa kwamiti mai kujeru 30, amma ƙasashen da ke son shiga sun fi kujerun yawa, sai aka raba su tsakanin ƙasashe 70, mafi yawansu biyu ko uku a kujera ɗaya. A Maris na 2013 aka zaɓi Kőrösi da Macharia Kamau na Kenya su jagoranci kwamitin tare.

Dabarar da suka bi ta cancanci a tsaya a kanta. A al'adar Majalisar, kowace ƙungiyar ƙasashe kan zo da matsayinta a rubuce, a yi ta ja-in-ja a kan kalma da waƙafi har lokaci ya ƙure. Su biyun suka ƙi farawa daga nan. Zama takwas na farko, kusan shekara guda, ba a tattauna daftari ko ɗaya ba. Masana kimiyya da ƙungiyoyin farar hula aka riƙa gayyata su yi bayani a kan yunwa da ruwa da makamashi da birane, jakadu suna saurare suna tambaya. Da aka zo rubutu kuma, shugabannin biyu ne suka riƙe alƙalami, suna jin ra'ayin kowa su koma su gyara. Rabon kujerun ma ya taimaka, domin ya tilasta wa ƙasashen da ba su saba zama inuwa ɗaya ba su daidaita bakinsu kafin su yi magana. A ranar 19 ga Yulin 2014, bayan zama na 13 da aka kwana ana yinsa, kwamitin ya amince da muradu 17 da ƙudurori 169, kuma kusan yadda suke shugabannin duniya suka karɓe su a Satumban 2015. Amina Mohammed ta Najeriya ce mai ba babban sakataren Majalisar na wancan zamani, Ban Ki-moon, shawara a kan wannan shiri a lokacin. Masu suka sun ce muradun sun yi yawa har ba a san na farawa da shi ba, kuma suna da hujja; sai dai da wuya a ce taƙaitaccen jeri zai sami amincewar kowa.

Daga 2015 ya koma fadar shugaban ƙasa János Áder a matsayin daraktan kula da ɗorewar muhalli, inda ruwa ya zama babban abin da ya sa a gaba. Ba abin mamaki ba ne ga ɗan Szeged, garin da ambaliyar Tisza ta shafe a 1879, a ƙasar da kusan duk ruwan kogunanta daga maƙwabta yake gangarowa.

Shugabancin Babban Zaure karɓa-karɓa ake yi tsakanin rukunonin yankuna biyar. Tijjani Muhammad-Bande na Najeriya ya riƙe shi a madadin Afirka daga 2019 zuwa 2020. Da zagayen ya iso kan gabashin Turai, aka zaɓi Kőrösi ba hamayya a ranar 7 ga Yunin 2022, ya gaji Abdulla Shahid na Maldives. Shi ne ɗan Hangari na biyu da ya hau kujerar, bayan Imre Hollai a 1982.

Yaƙin Yukren ya mamaye shekarar tasa. A ƙarƙashinsa ne ƙasashe 143 suka yi tir da mamaye yankunan Yukren huɗu da Rasha ta ce ta haɗe da ƙasarta, a Oktoban 2022, sannan 141 suka nemi ta janye dakarunta a Fabrairun 2023. Duk da haka bai bari maganar ruwa ta nutse ba. Daga 22 zuwa 24 ga Maris na 2023 aka yi taron Majalisar a kan ruwa a New York, Holan da Tajikistan suna jagoranta, irinsa na farko tun wanda aka yi a birnin Mar del Plata na Ajantina a 1977. An tara alkawura sama da 700, amma duk na ganin dama ne, babu dokar da ta ɗaure kowa ya cika. Ɗaya daga cikin buƙatun taron, naɗa manzo na musamman a kan ruwa, ta tabbata a 2024 da aka ba Retno Marsudi ta Indunusiya muƙamin. Kafin nan Kőrösi ya riga ya miƙa gudumar shugabanci ga Dennis Francis na Trinidad da Tobago.