Ɗaurin notin bindigar gasa da tasirinsa kan saiti: tambayoyi da amsoshi

Waɗanne notuna ake nufi?

Bindigar gasa kashi biyu ce a haɗe. Akwai ɓangaren ƙarfe, wato bututu da gidan sakata (sakata ita ce ƙarfen da ke kulle harsashi a bututu) da kunama, akwai kuma ƙotar da ake dafawa a kafaɗa, ta katako ko ta alminiyom. Notuna biyu ne galibi ke riƙe su ta ƙasa, ɗaya a gaba, ɗaya a baya wajen kunama.

Ta yaya ɗaurin noti zai shafi inda harsashi zai faɗa?

Duk sanda aka harba, bututun yana karkarwa, kuma harsashi na fita ne ana tsakiyar wannan karkarwar. Idan ƙarfen ya zauna daram a ƙota, karkarwar yau da ta gobe ɗaya ce, harsasai sai su taru wuri guda. Idan ɗaurin ya yi sako-sako, ƙarfen zai riƙa ɗan gocewa tsakanin harbi da harbi. Idan kuma ya yi yawa, katakon zai lotsa, gidan sakatar ya ɗan lanƙwashe yadda ido ba zai gani ba. A gasar mita 50 da ƙaramin harsashin da ake kira .22, faɗin da'irar maki goma da ke tsakiyar allon da ake harbi milimita 10.4 ne kacal, don haka gocewar da ba ta taka kara ta karya ba a hannu, a kan allo maki ce sukutum.

To, nawa ya kamata a ɗaure?

Abin da kamfanin da ya ƙera bindigar ya rubuta shi ne iyaka, ba a haura shi. Da inci-fam ake auna ƙarfin ɗauri: ƙotar katako zalla takan tsaya wajen inci-fam 30 zuwa 40, wadda ƙarfen ke zama a kan alminiyom a cikinta kuwa takan ɗauki har 65, kusan 7.3 ke nan a ma'aunin Nm (niyuton-mita). A kula sosai: inci-fam daban, ƙafa-fam daban. Na biyun ya ninka na farko sau 12, wanda ya rikita su zai cinye tiredi ko ya fasa ƙota.

Yaya ake gwajin?

Da farko a tabbatar babu harsashi a ciki, a zare sakata. A sassauta notunan, a tsayar da bindigar a kan gindinta domin ƙarfen ya koma ya jingina da mazauninsa, sannan a ɗaure na gaba, a bi da na baya, da sifana mai awo. A fara daga ƙaramin awo, a riƙa ƙara inci-fam 5, ana harba rukunin harsashi biyar-biyar a kowane mataki, da harsashi iri ɗaya daga kwali ɗaya.

Nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. Rukuni ɗaya mai kyau ba hujja ba ne, iska ko sa'a na iya kawo shi. Sai an maimaita matakin sau da dama, a ranaku dabam-dabam, ya ci gaba da fin sauran, sannan a yarda da shi a rubuta. Kuma tiredin da aka shafa wa mai ya fi busasshe matsewa ko da awon sifana ɗaya ne, saboda haka yadda aka fara, haka za a ci gaba.

Idan ƙaramin canji ya watsa harsasai sosai fa?

A ganina wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci. Bindigar da mazauninta ya daidaita ba ta cika damuwa da bambancin inci-fam 5 ba. Wadda ke birkicewa da ɗan juyi kaɗan, ƙarfenta ne bai kwanta daidai a ƙota ba, kuma babu lambar da za ta warkar da wannan. Maganinta a kai wa ƙwararren mai gyaran bindiga ya yi mata shimfiɗar gam mai tauri, ya sa 'yan bututun ƙarfe a ramukan notin don kada katako ya ƙara lotsawa.

Sau nawa za a riƙa dubawa?

Duk lokacin da aka kwance bindigar, da kuma kafin gasa. Katako na kumbura da danshi, ya tsuke idan iska ta bushe, don haka mai ƙotar katako ya fi mai alminiyom bukatar ɗora sifana a kai a kai.