Masu tambayata kan zuwa kallon okestra, ga amsa gaba ɗaya

Tunda na saka hoton Royal Albert Hall ɗin nan, babban zauren kiɗa na Landan, ake ta turo min tambayoyi iri ɗaya, to ga su nan, don Allah kowa ya karanta.

Ba ga shi a YouTube ba, me zai sa in biya kuɗi?
Ba ɗaya ba ne. Makaɗa tamanin zuwa ɗari ne a gabanka, ba lasifika, idan masu manyan goge suka ja a ƙirjinka za ka ji. Waya ba ta yin haka.

Ana rera waƙa?
Galibi a'a. Kiɗa ne zalla.

Sai na sa kwat?
Kaftani na sa, ba wanda ya ce min uffan.

Mai sandar nan da ke tsaye gaban makaɗa me yake yi?
Ku daina cewa rawa yake, haba. Shi ke riƙe da saurin kiɗan da ƙarfinsa, shi ke nuna wa kowa inda zai shigo.

Yaushe ake tafi?
To nan ne ake kuskure. Kiɗa ɗaya yakan zo kashi huɗu, tsakanin kashi da kashi sai su tsaya shiru, ka ɗauka an gama, alhali ba a gama ba, al'adar yanzu sai an kai ƙarshe ake tafi, amma fa ba doka ba ce, zamanin Mozart, shahararren mai tsara kiɗa, ana tsakiyar kiɗa mutane ke tafawa, a Paris a 1778 an yi masa haka kuma murna ya yi. Ya danganta da zauren ma, wani wurin a harare ka, wani wurin ba ruwan kowa. Ni dai hannun mai sandar nake kallo, in bai sauke ba ban motsa ba, in ya sauke ya juyo, bismillah. Ka tafa a kuskure kuma kar ka damu, duk mun yi.

Tsada fa?
A BBC Proms, bikin kiɗa na shekara-shekara a Landan da aka fara tun 1895, tikitin tsayuwa bai kai min fam goma ba.

Ba zan yi barci ba?
Ka je da wuri. Kafin a fara wani abin busa mai kama da algaita zai fitar da sauti ɗaya siriri, kowa ya daidaita kayansa a kai, sai zauren ya yi tsit. Wallahi har yau tsikar jikina na tashi a wurin nan.

A Najeriya akwai?
Cibiyar kiɗa ta MUSON, Onikan, Legas. Ku bincika ranakunsu da kanku.