Shin kiɗa sai ɗan gado?

An daɗe ana cewa duk makaɗin gargajiya a gidansu ya tarar da kiɗa. Maganar tana da tushe: a fada, kiɗan tambari da kotso da taushi yawanci gado ne.

Amma akwai makaɗan haye, wato waɗanda ba su gaji kiɗa ba, kuma suna da yawa. Wani ɗan malamai ne, wani ɗan manoma. Yakan fara bin wani makaɗi yana amshi, yana ɗaukar masa ganga zuwa gidan biki, har hannunsa ya faɗa. Wasu ma sai da iyaye suka hana.

Mai son tabbatar da ko wani mawaƙi ɗan gado ne ko ɗan haye ya saurari bakandamiyarsa, wato waƙar da yake wasa kansa, inda yakan faɗi asalinsa, ko tsofaffin hirarrakin rediyo, ko ya tambayi dattawan garinsu.

Don Allah a tura wa wasu wannan bayani.