Mene ne ƙwayoyin gado masu ƙaura?

Ɗaliban aikin gona da na likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello sun sha cin karo da kalmar taransfoson, wato ƙwayar gado mai ƙaura. Wani guntu ne na DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, da ba ya zama wuri ɗaya, yakan tashi daga gurbinsa ya koma wani.

A jikin masara aka fara gano shi. Barbara McClintock, wata masaniya a Amurka, ta duƙufa a shekarun 1940 kan tsabar masara mai ɗigo-ɗigon launi. Ta fahimci cewa idan guntun ya faɗa cikin ƙwayar gadon da ke ba da launi, sai aikinta ya tsaya, tsabar ta fito babu launi. In ya fice yayin da tsabar ke girma, launin ya dawo a daidai wurin. Ficewa da wuri na barin babban tabo, ficewa a makare kuma ƙananan ɗigo. A lura, goyon da ake gani a gonakin Samaru da fari da rawaya a cakuɗe, galibi aikin bununin gonar maƙwabci ne. Tabo a jikin tsaba guda ake magana. An daɗe ba a ba aikinta muhimmancin da ya dace ba, sai a 1983 ta samu kyautar Nobel.

Ƙaurar iri biyu ce. Akwai wanda ake cirewa ɗungurungum a kai wani wuri, kamar dashen albasa. Akwai kuma wanda ke zaune a gurbinsa, a kwafe shi zuwa RNA, wani sinadari ɗan'uwan DNA, a mayar da kwafin ya koma DNA, a cusa a sabon wuri. Na biyun ne ke hayayyafa. Kusan kashi 85 cikin ɗari na DNA ɗin masara daga irin waɗannan guntaye yake, na ɗan Adam kuwa wajen kashi 45, ko da yake mafi yawansu sun daina motsi. 'Yan kaɗan da suka rage kan yi ɓarna: a 1988 an samu marasa lafiya da jininsu ba ya daskarewa saboda guntu ya faɗa cikin ƙwayar gadon da ke tsayar da jini.

Inda abin ya fi damuna shi ne bakteriya. Ƙwayar gadon da ke sa su jure magani takan hau taransfoson, ta sauka kan wani ɗan zoben DNA mai suna filasmid, shi kuma ya tsallaka zuwa wata bakteriyar da ba danginta ba ma. Shan kafso barkatai daga kemis, ko zuba shi a ruwan kaji ba bisa ƙa'ida ba, yana kashe bakteriya masu rauni ya bar wa masu ɗauke da guntun fili su yaɗu.