Mene ne "sabon nau'i"? Omicron da labarin ha ƙarami

A ƙarshen watan Nuwamban 2021 kalmomi biyu suka cika mana kunne: "sabon nau'i". Ka kunna rediyo da asuba su ne, ka buɗe Facebook su ne, ka zauna teburin mai shayi a Jekadafari, nan cikin Gombe, su ne. Da a nan aka tsaya da da sauƙi. Abin da ya dame ni shi ne yadda maganar ke sauya kama tun kafin ta fito daga bakin mai karanta labarai. A farkon labari a ce "sabon nau'in korona", kafin a kai ƙarshe ya koma "sabuwar cutar Omicron". Na ji haka da kunnena fiye da sau ɗaya a wata tasha, har mai gabatar da shiri ya tambayi baƙonsa ko "wannan cutar ta fi korona haɗari". Daidai yake da ka tambayi mutum ko kananado ya fi wake tsada. Ai kananado wake ne.

Wani zai ce saɓanin kalma ne kawai, me ya yi zafi? To ga abin da ya yi zafi. Ranar wata Asabar na je gaishe da Baffana, ƙanin mahaifina, a rumfarsa ta Tudun Hatsi. Yana zaune a kan buhun masara, 'yar rediyonsa rataye a ƙusa, yaransa suna ta awo. Dattijo ne da ya je da ƙafarsa aka yi masa allurar korona har sau biyu, katin ma yana cikin aljihun gaban rigarsa tare da katin zaɓe. Muna gama gaisawa ya ce, "Ɗana, kai da kake bin labarai, wato waccan ta ƙare ne suka fito da wata? An ce mu yi allura mun yi, yanzu kuma an ce sabuwa ta zo, a ƙara wata allurar. Ashe dai kasuwa ce aka buɗe." Na ce, "Baffa, ba sabuwa ba ce, ita ce dai." Ya ce, "To me ya sa aka raɗa mata wani suna?"

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Abin da aka faɗa masa shi ya ɗora a kan mizani, kuma idan har gaskiya ne cewa duk wata shida sabuwar cuta ke faɗowa daga sama da sabon suna da sabuwar allura, to kowane mai hankali zai yi zargi. Kuskuren kalma ɗaya ya isa ya mayar da wanda ya yarda ya koma mai shakka.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar bairos ba ta iya hayayyafa ita kaɗai. Sai ta shiga jikin mutum ta sa ƙwayoyin halittarsa su yi ta kwafo ta. Abin da ake kwafowa kuwa rubutu ne, dogon umarni mai haruffa kusan 30,000. Duk wanda ya yi firamare ya san abin da ke faruwa da kwafi. Malam ya rubuta a allo, na bencin gaba ya kwafa, na baya da ba ya hangen allo ya kwafa daga littafin na gaba, wanda bai zo makaranta ba ya ari littafin na baya ya kwafa da daddare a gindin fitila. Kafin ƙarshen zango za ka tarar da kuskuren da mutum ɗaya ya yi ya bazu a littattafai goma sha biyar. Darasin bai canja ba, amma idan ka ga littafi za ka iya gane daga wajen wa aka kwafo shi.

Haka korona take, sai dai ita kwafinta ba ya ƙirguwa, a jikin miliyoyin mutane dare da rana. Yawancin kurakuran ba sa ƙara mata komai, wasu ma kashe ta suke yi. Amma jefi-jefi sai a samu kuskuren da ya yi mata rana, ya sa ta fi saurin kama mutum ko ta fi iya sulale wa garkuwar jiki. Mai wannan kuskuren sai ta fi 'yan'uwanta yaɗuwa, har ta mamaye wuri. Ita ake ce wa sabon nau'i. Babu wanda ya zauna ya ƙera ta, kuma ba ta da wayo. Yawan kwafi ne ya haife ta.

Omicron ta tayar da hankalin masana ne saboda yawan sauye-sauyen da aka gani a jikinta, kusan 50, kuma fiye da 30 daga ciki suna kan 'yan ƙayoyin nan da suka kewaye ƙwayar kamar kambi, waɗanda daga gare su ma sunan korona ya samo asali. Da waɗannan ƙayoyi take maƙalewa a jikin mutum, kuma su ne allurar rigakafi ke nuna wa garkuwar jiki ta ce, ga kamannin ɓarawo nan, ki riƙe. To ɓarawo ya sauya riga ya naɗa rawani. Mai gadi na iya yin jinkirin gane shi a bakin ƙofa, shi ya sa wanda aka yi wa allura ke iya kamuwa. Amma bai manta tafiyarsa da muryarsa ba, shi ya sa allurar ke ci gaba da rage yiwuwar ciwon ya kwantar da mutum ko ya kai shi ga halaka. Allurar ƙari da aka fara bayarwa a Najeriya ranar 10 ga Disamban 2021 tunatar da mai gadin ce.

Abin mamaki, mu nan mun riga mun san wannan darasi, ba a littafi ba, a jikinmu. Duk wanda ya haura shekara talatin ya tuna zamanin da kulorokwin ke maganin zazzaɓin cizon sauro, da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wasu. Sannu a hankali aka wayi gari mutum ya shanye ƙwayoyin tas zazzaɓi na nan daram, har gwamnati ta sauya zuwa wasu magunguna a 2005. Ban taɓa jin wanda ya ce an ƙirƙiro sabuwar maleriya ba. Cewa muka yi zazzaɓin ya daina jin magani, kuma mun yi daidai. Da na kawo wa Baffa wannan misali shiru ya yi, sannan ya ce, "Wannan kam na gani da idona."

Wasu 'yan jarida, don gudun "sabuwar cuta", sai suka koma cewa korona ta "rikiɗa". Ta fi waccan, amma ni ba ta kwanta mini ba. Rikiɗa a kunnen Bahaushe ta mutum ce ya zama kura, abu ya tashi daga halittarsa gaba ɗaya, kuma akwai ƙanshin tsafi da niyya a cikinta. Korona ba ta zama wani abu dabam ba. Da ni za a tambaya, da maganar dangi za mu ara, don ita ce ta fi kusa da gaskiya. Omicron da Delta, nau'in da ya yi tashe kafin ita, zuri'a ɗaya ne. Omicron ma ba 'yar Delta ba ce, reshe ne dabam da ya tsiro daga tsohon tushe, kamar 'ya'yan wa da ƙani da suka haɗa kaka.

Saura tambayar Baffa: me ya sa aka raɗa mata suna? Nan ne na fi jin takaici, don amsar tana da sauƙi kuma tana da daɗin bayani, amma ba a yi wa mutane ba. Na ji masu cewa Omicron sunan wani kamfani ne, na ji masu cewa kalmar sirri ce. Harafi ne kawai. Shi ne na 15 cikin haruffa 24 na Girkanci, kuma ma'anarsa "o ƙarami", don a bambanta shi da harafin ƙarshe, omega, wato "o babba". Duk wanda ya riƙe allo a makarantar tsangaya ko ta zaure ya san irin wannan suna. Mu ma da muka tarar da haruffa biyu na Larabci da kunnenmu ke ji kusan ɗaya, ba mu tsaya wahala ba, muka ce wannan ha ƙarami, wancan ha babba. Abin da Girkawa suka yi ke nan da nasu. Yaron da ke karanta babbaƙu a Bolari ya fi mutane da yawa kusa da fahimtar sunan Omicron.

Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fara wannan tsari a ƙarshen Mayun 2021. Kafin nan masana lambobi suke amfani da su, kamar B.1.1.529 da ke nufin ita Omicron ɗin, abin da ba mai iya riƙewa. Su kuwa jama'a da kafafen labarai sai suka riƙa cewa "nau'in Ingila", "nau'in Afirka ta Kudu", "nau'in Barazil", "nau'in Indiya". Aka mayar da su Alpha, Beta, Gamma da Delta. Da aka zo kan Omicron, ranar 26 ga Nuwamban 2021, an tsallake haruffa biyu: ɗaya saboda lafazinsa ya yi kama da kalmar "sabo" a Turanci, ɗayan kuma saboda sunan dangi ne da mutane da yawa ke amsawa. Dubi irin taka-tsantsan ɗin da aka yi don kada a ce "sabo", mu kuma muka ɗauko kalmar da hannunmu muka liƙa.

Hikimar guje wa sunan wuri ba sai an yi wa ɗan arewa maso gabas dogon bayani ba. Lassa gari ne a jihar Borno, da mutanensa da gonakinsa da tarihinsa. A 1969 aka gano wani zazzaɓi a can, aka sa masa sunan garin. Yau fiye da shekara hamsin, duk duniya idan aka ce Lassa ɓera da zubar jini ake tunawa, alhali jihohin da cutar ta fi addaba a 'yan shekarun nan su ne Ondo da Edo da maƙwabciyarmu Bauchi. Inda aka fara ganin cuta dabam, inda ta fito dabam. Mai fitila shi ke fara ganin maciji, ba shi ya kawo shi ba.

Wannan shi ne ainihin abin da ya faru da Omicron, kuma duk da sunan harafin, ba a tsira ba. Masanan Botsuwana da na Afirka ta Kudu ne suka gano ta, domin suna da ɗakunan bincike masu ƙarfi da suka gina a tsawon shekarun yaƙi da cutar ƙanjamau da tarin fuka. Suka sanar da duniya ranar 24 ga Nuwamba, ba su ɓoye ba. Ladan da suka samu shi ne rufe musu ƙofa cikin kwana biyu. Bayan 'yan kwanaki hukumomin Holan suka duba samfuran da suka ɗauka tun 19 da 23 ga Nuwamba, suka tarar Omicron na ciki. Wato tana Turai tun kafin a yi shelarta. Amma ba a yi wa jiragen Holan irin rufe ƙofar da aka yi wa na Afirka ba.

Mu ma guguwar ta biyo ta kanmu. Kanada ta sa Najeriya cikin waɗanda ta hana shiga. Ingila ta bi sahu daga 6 ga Disamba, a lokacin da masu ɗauke da Omicron a cikin Ingilar sun fi waɗanda aka tabbatar a nan yawa nesa ba kusa ba. Wanda ke da izinin zama can kuma ya dawo daga Najeriya, sai an killace shi a otal kwana goma ya biya fam 2,285 daga aljihunsa. Ranar 15 ga wata suka soke jerin gaba ɗaya, ƙasashe 11 dukkansu na Afirka, da hujjar cewa nau'in ya riga ya bazu a cikin gida. Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya kwatanta irin wannan mataki da wariyar launin fata a harkar tafiye-tafiye, kuma ban ga inda ya yi ƙari ba. Wanda ya fi taɓa zuciyar mutanenmu shi ne na Saudiyya, da ta dakatar da jiragen da ke tasowa daga Najeriya. Shekara biyu a jere, 2020 da 2021, maniyyatanmu ba su sauke farali ba, ga masu niyyar Umara sun fara haɗa guzuri, sai ga wannan.

Ba na cikin masu cewa kada ƙasa ta kare iyakarta. Gwaji kafin tashi da bayan sauka abu ne mai ma'ana, kuma ya hau kan kowa. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki "sabon nau'i" kamar wani kaya ne da wata ƙasa ta ƙera take fitarwa. Wanda ya fahimci cewa kwafi ne ke haifar da nau'i, ya san duk inda aka bar cutar tana yawo cikin jama'ar da ba su da kariya, aji ne aka buɗe mata na kwafi, ko a Landan ko a Kumo. Ƙasashen da suka yi saurin rufe ƙofa su ne suka tara alluran da suka ninka yawan jama'arsu, a lokacin da kason farko da ya iso Najeriya ta COVAX, shirin duniya na raba alluran korona ga ƙasashe, a watan Maris na 2021 bai kai miliyan huɗu ba, ga mutane sama da miliyan 200. Wasu daga cikin waɗanda aka aiko mana daga baya kuma saura 'yan makonni wa'adinsu ya cika. Ranar 22 ga Disamba aka kwashe fiye da miliyan ɗaya da suka lalace aka kai juji a Abuja, katafila ta bi ta kansu.

Baffa ya ga hoton a wayar wani yaronsa. Da na koma wajensa ya ce, "Ɗana, na gane maganar ha ƙarami. Amma waɗannan da aka zubar fa, wa za a tambaya?"