Escheat: dokar da ke mayar da ƙasar marar magaji hannun sarki

Ana rubuta kalmar escheat, ana furta ta "is-ciit", a ja gaɓar ƙarshe. Daga tsohon Faransanci ta shiga Ingila, tushenta wani aikatau ne da ke nufin faɗowa, wato rabon da ya faɗo wa mutum a hannu.

Tun da William, basaraken Normandy da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a 1066, doka ta ɗauki ƙasa duk a matsayin ta sarki. Shi ke yanka wa manyan fadawa yanki, su ma su yanka wa na ƙasa da su, kowa na biya da hidimar yaƙi ko da kuɗi. Riƙo aka ba ka, ba mallaka ba. Saboda haka in mai riƙo ya mutu ba magaji, gonar sai ta koma hannun ubangidan da ya ba shi, sarki ne ko bafade. Wannan ita ce hanya ta farko ta escheat.

Hanya ta biyu ta fi ɗaci. Wanda aka kama da babban laifi, kamar kisan kai, sarki zai riƙe ƙasarsa shekara guda da kwana guda, yana da ikon sare itatuwa da rushe gine-gine, sannan ya miƙa wa ubangida abin da ya saura. 'Ya'yan mai laifin su tashi a tutar babu, alhali ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 ma, wadda manyan fadawa suka tilasta wa sarki ya amince da ita, wa'adin kawai ta hana sarki wucewa, ba ta taɓa ƙwacen ba.

Akwai jami'an sarki da ke bin gundumomi suna binciken wa ya mutu, wa ya gaje shi. Ba su yi farin jini ba, kuma daga wannan kalma ce Ingilishi ya samo cheat, wato zamba.

Majalisar dokoki ta soke ƙwacen saboda laifi a 1870, ta soke na rashin magaji a 1925. Amma ba a bar dukiyar a sake ba: yau wanda ya mutu ba wasiyya ba dangi, kayansa na Masarauta ne, sai dai a yankin Cornwall, inda suke tafiya ga yarima mai jiran gado, da yankin Lancaster, inda suke shiga taskar sarki ta kansa. Wanda ya karanta babin gado a fiƙihun Malikiyya zai tuna da baitulmali. A Amurka kuwa kalmar na nan da ranta: kuɗin da aka manta a asusun banki shekaru, gwamnatin jiha ke karɓarsa ta ajiye, mai shi ko magajinsa ya zo da shaida ya nema.